Yadda ake shirya yaro ga jarrabawar sauraron kiɗa ta shiga sakandare a Ingila har fargaba ta sake shi

A Ingila akwai makarantun sakandaren gwamnati da ke ware wasu gurabe domin yaran da kunnensu ke kama sauti. Dokar ilimi ta 1998 ce ta ba su damar cike har kashi 10 cikin 100 na sababbin ɗalibai ta hanyar gwada baiwa a fannoni irin su kiɗa, wasanni, zane da harsunan waje. Makarantun Watford Grammar na maza da na mata, da Parmiter's, da Rickmansworth, da Dame Alice Owen's da ke Potters Bar, da Mill Hill County High a arewacin Landan, duk suna cikin masu wannan tsari. Iyayen da ke zaune a waɗannan yankuna sukan ci karo da maganar lokacin da yaro yake aji biyar na firamare, yana shekara 9 zuwa 10. Sunan jarrabawar a takardun makaranta Music Aptitude Test, a taƙaice MAT.

Mataki na farko na jarrabawar sauraro ne zalla. Ba a tambayar yaro ko ya iya karanta rubutun kiɗa, ba a kuma ba shi wani abin kiɗa ya buga. Ana kunna faifai, yara su saurara, su sa alama a takarda. Amma yaro mai kunnen kirki yakan faɗi wannan jarrabawa, ba don kunnen ya gaza ba, sai don bai taɓa jin irin tambayoyin ba, faifan kuma ba ya jiran kowa. Ƙarfin zuciyar da ake nema a nan ba ya fitowa daga "kai gwani ne, za ka iya". Yana fitowa ne daga sabo: yaro ya ji tambayar ya gane ta kamar muryar mutumin gidansu.

Siffar jarrabawar

Yawancin makarantu suna bin tsarin da Arnold Bentley na Jami'ar Reading ya fitar a 1966, ko wani abu mai kama da shi. Tambayoyi 60 ne a kashi huɗu. Kashi na farko tambaya 20: a buga sauti biyu, yaro ya faɗi ko na biyun ya hau sama, ya sauka ƙasa, ko daidai yake da na farko. Kashi na karin waƙa tambaya 10: a buga ɗan kari mai sauti biyar sau biyu, yaro ya nuna wanne ne aka canza a karo na biyu, ko kuma ba a canza komai ba. Kashi na curin sauti tambaya 20: a danna sautuka a lokaci guda, yaro ya ƙirga ko biyu ne, uku ne, ko huɗu. Sai kashi na salon bugu tambaya 10: tsari mai bugu huɗu sau biyu, a nuna bugun da ya bambanta.

Ku lura da rabon makin. Hawa da sauka da kuma curin sauti sun kwashe 40 cikin 60. Wanda ya raba lokacin horo daidai wa daida tsakanin kashi huɗun ya yi asarar lokaci.

Ba kowace makaranta ke bin wannan tsari harafi da harafi ba. Wasu suna sauya jerin kashe-kashen, wasu suna ƙara maimaita waƙa da baki ko tafi. Don haka aikin farko shi ne ku shiga shafin intanet na makarantar da kuke so, ku sauke bayanin jarrabawar da samfurin takardar amsa idan sun sa, ku kuma rubuta ranar rufe rajista. Rajistar jarrabawar daban take da takardar zaɓin makarantu da ake miƙa wa ƙaramar hukuma kafin 31 ga Oktoba, kuma a wurare da yawa ana rufe ta tun yaro yana aji biyar, watanni kafin a zauna jarrabawar. Wanda ya makara a nan, duk horon duniya ba zai amfane shi ba.

A fara da kunnen kansa

Kafin a sayi komai, a tabbatar yaron yana ji sosai. Dattin kunne da ya toshe, ko ruwa da ya taru a bayan dodon kunne bayan mura, suna dusashe sauti, kuma yaro ba ya faɗa domin bai san akwai yadda ya fi haka ba. Alamunsa: yawan cewa "na'am?", ƙure ƙarar talabijin, juyo da kunne ɗaya in ana magana. In kun ga haka ku kai shi wurin likitan unguwa tun da sauran watanni. Kada a cusa auduga mai tsinke a kunne, tana ƙara tura dattin ciki ne. Yaron da ke da matsalar ji da likita ya tabbatar, ko wata buƙata ta musamman, a rubuta ta a lokacin rajista tare da takardar shaida, domin a tanadar masa wurin zama da ya dace. Ranar jarrabawa ba a fara wannan magana.

Kayan aikin ba su da yawa: kibod ƙarami ko manhajar fiyano a waya, manhajar da ke fitar da sauti bisa lambar Hz (ma'aunin yawan kaɗawar sauti a sakan ɗaya: girman lamba, sirantakar sauti), ƙaramar sifika mai kyau, fensir, da takardun amsa da kuka zana da kanku. Sifikar wayar hannu ba ta fitar da sautuka masu kauri yadda ya kamata, shi ya sa curi mai sauti huɗu kan fito kamar mai uku. A riƙa haɗa wayar da sifika. Iyafis kuma a rage amfani da shi, saboda yawanci a babban zaure ake kunna faifan ta lasifika, inda akwai amsa-kuwwa da tarin wani da motsin kujera. Yaron da ya saba da sauti tsaf a cikin kunnensa yakan rikice a zaure.

Gyara kalmomi kafin gyara kunne

Wannan wuri ne da ake yawan tuntuɓe, kuma ya fi shafar gidan da ake Hausa. In aka ce wa yaro "ɗaga murya", abin da ya fahimta shi ne ya ƙara ƙarfi. A Turanci ma haka ake cewa a ƙara rediyo sama. To a jarrabawa kalmar higher ba ƙarfi take nufi ba, sirantaka take nufi, lower kuma kauri. Yaro da yawa suna jin bambancin sarai amma su ba shi sunan da ba nasa ba.

Maganinsa wasa ne na kwana biyu ko uku. Ku buga sauti siriri a hankali, sannan mai kauri da ƙarfi, ku tambaya wanne ne na sama. Ku juya. Ku kwatanta da abin da ya sani: kukan kyanwa da kukan sa, muryar ƙanwarsa da ta kakansa. Ku sa ya ɗaga hannu in sauti ya sirance, ya sauke in ya yi kauri. Sai hannun ya daina kuskure sannan a koma ga kalmomin Turanci uku da zai gani a takarda: higher, lower, same, ko haruffan da makarantar ta zaɓa.

Yaron da ke jin Hausa yana da jari a nan wanda bai san da shi ba. Hausa harshe ne mai karin sauti: sama, ƙasa da faɗau. Kuka na hawaye da kuka ta miya, wuya na jiki da wuya ta wahala, kai da ake nuna mutum da kai da ake ɗora kaya, ba abin da ya raba su sai hawa da saukar murya. Da wannan ne ma mai kalangu ke matse tsarkiya ya saki har gangar ta kira sunan mutum. Ku furta "kuka" iri biyun, ku rufe baki ku yi su da gunji kawai, yaro ya faɗi wacce ce. Da zarar ya gane cewa abin da ake tambaya a jarrabawa shi ne abin da kunnensa ke yi kullum a gida, rabin tsoron ya tafi. Wani bincike da aka wallafa a 2023 a kan mutane wajen rabin miliyan masu harsuna 54 ya nuna masu harsunan karin sauti sun fi gane canji a karin waƙa, amma sun ɗan yi baya wajen bin bugu. Wato jarin yana nan, sai dai bai rufe kowane kashi ba.

Hawa da sauka

A fara da tazara mai faɗi a tsakiyar kibod, kusa da C ta tsakiya, inda muryar yaro ke iya kaiwa. (Sunayen fararen maɓallai C, D, E, F, G, A, B ne, wato do, re, mi, fa, so, la, ti, kuma ana ta maimaita su daga hagu zuwa dama.) Do da so, wato farin maɓalli na ɗaya da na biyar in an fara ƙirga daga C. In ya ci 8 cikin 10 kwana biyu a jere, a matso: do da mi, sannan do da re, sannan maɓallai biyu maƙwabta, fari da baƙin da ke jikinsa. Wannan shi ne rabin mataki, kuma shi ne iyakar abin da fiyano zai iya bayarwa.

Jarrabawar kuwa tana wuce nan. A tsarin Bentley tazarar tana farawa daga rabin mataki ta yi ta ƙanƙancewa har ta kai 'yan Hz kaɗan. A nan manhajar sauti ke shigowa. Sautin A yana kan 440 Hz, rabin mataki a samansa kusan 466 ne. Ku gwada 440 da 466, sannan 458, 452, 448, 446, har 443, haka kuma ta ƙasa: 415, 428, 434, 437. Kowane sauti sakan ɗaya, ɗan shiru a tsakani, ƙarfin duka biyun ɗaya. Kada ku zaƙe a kan na ƙarshen. Tazarar 3 Hz tana ba manya ma wahala, kuma tambayoyi irinta kaɗan ne. Makin da ya fi yawa yana tsakiya, tsakanin 8 da 18 Hz, can ya kamata a daɗe.

Abubuwa uku ke ɓata wannan horo, kuma duka daga wajen babba suke. Na farko, yaro yana kallon hannunku, ya ga ya matsa dama ya ce sama. Ya juya baya. Na biyu, yana karanta fuskarku ko shirunku: in kun yi jim, ya canza amsa. Na uku, babba ba ya iya jera tambayoyi barkatai. Zai yi sama, ƙasa, sama, ƙasa, ya manta da "daidai" gaba ɗaya, yaro kuma ya haddace tsarin cikin kwana biyu. Ku rubuta amsoshin goma tun kafin a zauna, ta hanyar jefa ɗan ludo: 1 da 2 sama, 3 da 4 ƙasa, 5 da 6 daidai. Ko "daidai" ta fito sau uku a jere, ku bar ta haka. Yaro ya saba da cewa hakan na faruwa, don kada ranar jarrabawa ya ce ai ba zai yiwu ba ya goge amsa mai kyau.

Dabarar da ta fi aiki ita ce rerawa a zuci. Da farko yaro ya kwaikwayi sautin biyu da murya, ya ji maƙogwaronsa ya ɗaga ko ya saki. Bayan mako biyu ya koma gunji a hankali, daga nan sai cikin zuciya, baki a rufe. Dole a kai wannan matakin, domin a zaure ba a yarda kowa ya yi gunji ba.

Curin sauti, inda aka fi zubar da maki

Wannan kashi ne ya fi cin lokaci, kuma dalilin a fili yake. Kiɗan da kunnen Bahaushe ya taso da shi, na goge ne ko gurmi ko kuntigi, ya fi bin layi ɗaya: mawaƙi ya bayar, 'yan amshi su karɓa da kari guda. Tara sautuka uku ko huɗu mabambanta a danna su lokaci ɗaya ɗabi'ar fiyano da mawaƙan coci ce. Yaron da bai saba ba yana jin curin a matsayin abu guda, kamar wanda aka ba miya aka ce ya lissafa kayan da ke ciki.

Kada a fara da ƙirga. A fara da warwarewa. Ku danna C, ku riƙe, ku ƙara G a kai, yaro ya ji shigowar na biyu. Sannan ku ɗaga ku danna su tare. Haka za a yi da uku: C, E, G ɗaya bayan ɗaya ana riƙewa, sannan tare. Da huɗu: C, E, G, B. Sai ku yi akasin haka, wanda ya fi koyarwa: ku danna ukun tare, ku ɗage yatsan tsakiya, yaro ya ji ramin da ya bari. Shi ma ya zauna ya danna da hannunsa, ya tambaye ku. Yara suna son kama babba da kuskure, kuma wanda ya gina curi da yatsunsa ya fi saurin jin cikinsa.

Makon farko a tsaya a kan zaɓi biyu masu nisa, biyu ko huɗu. In ya zauna, a shigo da uku. Tsarin sauraron da za a koya masa shi ne: nemi na sama, nemi na ƙasa, sannan ka tambayi kanka ko tsakiyar fayau take ko a cike. Fayau, biyu ne. Akwai abu ɗaya a ciki, uku. Cunkushe, huɗu.

Ga tarkunan. Ƙarfi ba yawa ba ne: ku danna biyu da ƙarfi, huɗu a hankali, har ya daina haɗa su. Sautuka biyu da ke rikici da juna, kamar C da baƙin maɓallin da ke jikinta, suna yin ƙara mai kama da taro, sai yaro ya ce huɗu. Akasin haka, C ta ƙasa da C ta sama suna narkewa cikin juna, don haka C, E, G, C yakan fito kamar uku. Sautuka masu kauri na hagun kibod kuma suna da amo a jikinsu wanda ke sa biyu su yi kamar uku. Kowane tarko a ba shi zamansa na kwana ɗaya ko biyu, a faɗa wa yaro sunansa ƙarara: "wannan shi ne mai ɓuya", "wannan shi ne mai hayaniyar banza". In abu ya sami suna, ya daina ba da tsoro.

A gaya masa gaskiya kuma: ba a sa ran cin 20 cikin 20 a nan. Yaron da ya shiga da tunanin sai ya ci duka, tambaya ta uku da ta shige masa duhu za ta rusa sauran.

Karin waƙa da yatsu biyar

Sauti biyar, yatsu biyar. Yaro ya ɗora hannun da ba ya rubutu da shi a kan tebur, ya danna yatsa ɗaya ga kowane sauti, daga babban yatsa zuwa ƙarami. A karo na biyu, yatsan da yake dannawa lokacin da kunnensa ya ce "a'a" shi ne amsar. Misali do, re, mi, re, do, sannan do, re, fa, re, do: na uku ne. A fara da sauti uku, a koma huɗu, sannan biyar. Canjin farko ya zama babba, daga baya ya koma mataki ɗaya. Na farko da na ƙarshe sun fi sauƙin tunawa, don haka ku yawaita canza na biyu, na uku da na huɗu. Kuskuren da aka fi yi shi ne yaro ya gane canjin a makare ya rubuta lambar da ke gaba. In kun ga amsoshinsa suna zarce daidai da ɗaya a kai a kai, kunnen lafiya lau, yatsan ne ke gudu. A rage sauri.

Salon bugu

Abin da ke rikita yara a nan shi ne suna ƙirga sautukan da suka ji maimakon bugun da ke ƙarƙashinsu. Bugu huɗu ne kullum, amma cikin bugu ɗaya ana iya cusa sauti ɗaya, biyu, uku ko huɗu. Duk wanda ya taɓa jin lugude ya san haka: taɓarya tana sauka a kan lokacinta, tafi da bugun gefen turmi suna cike tsakani.

Ku yi amfani da sunayen garuruwa. Jos sauti ɗaya, Kano biyu, Katsina uku, Maiduguri huɗu, kowanne a cikin bugu guda. Ƙafa tana taka ɗaya, biyu, uku, huɗu ba ta sauri ba ta jinkiri, hannu yana tafa sunayen. Jos, Kano, Jos, Jos, sannan Jos, Kano, Kano, Jos: bugu na uku ya canza. In ya iya da sunaye sai a cire su a bar tafi, sannan a koma kibod a kan sauti ɗaya. A zaure ba zai taka ƙafa da ƙara ba, don haka ya koyi motsa babban yatsan ƙafa a cikin takalmi.

Tsawon zama da jerin makonni

Minti 10 zuwa 15 a rana, kwana biyar a mako, na tsawon mako 12 ya wadatar ga yawancin yara. Kunne yana gajiya da wuri. Bayan kwata na awa amsoshi sukan fara lalacewa, yaro ya ɗauka shi ne bai iya ba. Ba a yi lokacin da ya dawo makaranta da yunwa, ba a yi dab da barci. Kashi biyu a zama ɗaya sun isa, ɗaya daga cikinsu ya zama curin sauti ko hawa da sauka kusan kullum.

Ma'aunin wahala guda ne: 8 cikin 10 a ƙara wuya, ƙasa da 6 a koma baya mataki ɗaya ba tare da sanarwa ba. Kowane zama a buɗe shi da abin da yaro ya riga ya iya, a rufe da shi. Mako huɗun farko wasa ne da baki da hannu, babu takarda. Daga mako na biyar a shigo da takardar amsa. A mako na shida a yi cikakken gwaji na farko, a sake a na tara da na sha ɗaya. Fiye da haka ba ya ƙara komai sai gundura, musamman in faifai ɗaya ake maimaitawa har yaro ya haddace shi.

Horon "wuce ta"

Wannan shi ne zuciyar maganar ƙarfin hali, kuma shi aka fi mantawa. A gida yaro yakan ce "a sake", a sake masa. Faifan jarrabawa ba ya sakewa. Yaron da tambaya ta 7 ta kuɓuce masa ya tsaya tunaninta, zai rasa ta 8 da ta 9, ya kuma sa amsar ta 10 a layin ta 8, daga nan duk shafin ya karkace.

Daga mako na biyar a soke "a sake". Ku kira lamba da Turanci kamar yadda faifan zai yi, ku buga sau ɗaya, ku ƙirga sakan biyar a zuci, ku wuce. Yatsan yaro ko bakin fensirinsa ya riƙa zama a kan lambar da ake ciki. Dokar ita ce kowace tambaya ta sami alama kafin a kira ta gaba, ko da zato ne. A kashin hawa da sauka da na curi zaɓi uku ne kawai, zato ma yana da rabo ɗaya cikin uku, gurbin da aka bari fanko kuwa ba shi da komai. Ku duba bayanin makarantar a kan yadda ake ba da maki domin ku faɗa masa da tabbaci.

Sannan ku riƙa ɓata masa da gangan. Ku yi tari a kan sauti na biyu, wani ya buɗe ƙofa, cokali ya faɗi. Ku sanar da shi tun farko cewa wasan ke nan, kuma makin ranar ba na amsa daidai ba ne, na komawa layi ne: in tambayar da ta biyo bayan hayaniyar ta sami amsa a gurbinta, ya ci. Bayan 'yan kwanaki za ku ga yana murmushi in cokalin ya faɗi. Goge-goge ma a taƙaita shi. A irin wannan aiki abin da kunne ya fara ji ne ke da sautin a gabansa, tunani na biyu yana aiki ne da abin da ya rage a ƙwaƙwalwa.

Bakin iyaye

"Kada ka ba mu kunya" da "ɗan wane ya ci bara" ba su taɓa gyara kunnen kowa ba. Haka ma yabon da ba shi da tushe, domin yaro ɗan shekara goma ya san lokacin da ake lallashinsa. Abin da ke zama a ransa shi ne magana mai hujja: "Makon jiya huɗu kake ci a curi, yau bakwai." Ku ajiye ɗan littafi ku riƙa nuna masa. In ya yi kuskure kada a ce "ba daidai ba" a wuce, a ce "saurari wannan", a warware masa ya ji da kansa.

Ku kuma faɗa masa yadda lissafin yake. Guraben kaɗan ne, masu nema suna da yawa, makin da ake yankewa a kai yana sauyawa daga shekara zuwa shekara, kuma wannan ƙofa ɗaya ce cikin ƙofofin shiga makaranta, ban da kusancin gida da samun ɗan'uwa a ciki da jarrabawar karatu a inda ake yinta. Ya san akwai wata makarantar da kuka gani kuka yarda da ita. Yaron da ya ɗauka makomar gidansu tana rataye a kan tambaya 60 ba zai ji bambancin 440 da 446 ba, bugun zuciyarsa zai fi su ƙara.

Makon ƙarshe da ranar kanta

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kwana uku kafin jarrabawa a daina sabon abu, a bar minti biyar na abin da ya iya. A kiyaye kunne daga ƙara mai yawa, biki ne ko iyafis. A yi barci da wuri, a karya da abin da ya saba ci. Fensir biyu fiƙaƙƙu, abin gogewa, takardar gayyata, ruwa. A isa da wuri, ya shiga bayi kafin a zauna.

Abu biyu zai riƙe. Na farko numfashi: ya ja ta hanci yana ƙirga huɗu, ya saki a hankali yana ƙirga shida, sau uku, a tsakanin kashi da kashi. Na biyu, yawanci ana buga misali kafin a fara, kuma lokacin ne kaɗai na cewa ba a ji sosai. Ku gwada wannan a gida har da ɗaga hannu da jimlar da zai faɗa, domin yaron da aka tarbiyyantar da kada ya katse babba zai gwammace ya yi shiru ya rasa maki.

In ya fito, a bar tambayar "nawa kake ganin ka ci". Ba zai iya sani ba. Ana sa ran makarantu su sanar da sakamako kafin 31 ga Oktoba don iyaye su tsara zaɓinsu, gurbin kansa kuma sai ranar 1 ga Maris ake bayyana shi. Inda akwai mataki na biyu, waɗanda suka yi maki mai yawa ne ake kira su buga wani abu ko su rera da murya na 'yan mintuna, sau da yawa bai wuce uku ba. Tazarar da ke tsakanin sakamakon farko da wannan kira gajera ce, don haka a zaɓi abin da yaro zai gabatar tun lokacin da aka fara horon kunne, ya zama wanda ya fi sauƙi cikin abubuwan da ya iya, a auna tsawonsa da agogo, ya kuma gabatar da shi a tsaye gaban baƙi biyu ko uku aƙalla sau uku kafin ranar.